Yadda ake juya lamba daga tushe goma zuwa binari, heksa da sauransu, a kuma dawo da ita

Lokacin da aka fara koya min wannan darasin haddace shi kawai na yi, a raba da biyu a rubuta saura, a sake rabawa, a karanta daga ƙasa zuwa sama, shi ke nan. Na ci jarrabawa, bayan sati biyu ko za a yanka ni ba zan iya tuna ta ina ake farawa ba. Sai daga baya da na zauna da tsakuwoyi a hannu na gane ashe abin nan ba wani tsafi a cikinsa, ƙulli ne kawai, kana da tulin abu kana ɗaure shi kashi-kashi. Yawan abin ba ya canzawa, yadda ka rubuta shi ne yake canzawa. Idan wannan ya zauna maka a kai, ko ka manta ƙa'idar za ka iya ƙago ta da kanka a zauren jarrabawa.

Mu fara da wanda ka riga ka sani

Dubi 4073. Tun kana ƙaramin aji ka san 4 ɗin nan ba huɗu ba ce, dubu huɗu ce, 7 kuma saba'in ce. Me ya ba su wannan darajar? Gurbin da suka zauna. Daga dama gurbi na farko na ɗaiɗai ne, na biyu na gomomi, na uku ɗaruruwa, na huɗu dubbai, wato kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma. Sifilin da ke tsakiya kuma ba ado ba ne, yana riƙe wa ɗaruruwa wurinsu ne, cire shi ka ga lambar ta koma 473. Wannan goman da ake ta ninkawa da ita ita ce tushe, malaman lissafi da yawa bes suke cewa. Tsarin daga Indiya ya fito, Al-Khawarizmi ya yi littafi a kansa a Bagadaza wajen shekara ta 825, daga nan ya bazu har Turai.

To babu wata doka da ta ce dole sai goma. Mutanen Babila na dā da sittin suke lissafi, kuma har yau gadonsu yana ɗaure a hannunka, daƙiƙa 60 minti ɗaya, minti 60 awa ɗaya. Mutanen Maya a tsakiyar nahiyar Amurka ashirin suka ɗauka. Kwamfuta kuwa biyu ta ɗauka saboda abin da ya fi mata sauƙin bambancewa shi ne akwai wuta ko babu wuta, 1 ko 0. Leibniz, masanin lissafin nan na Jamus, ya wallafa bayani a kan lissafin binari, wato tushe biyu, tun 1703, lokacin ko ƙwan lantarki babu.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu: alƙaluman da ake amfani da su a kowane tushe suna farawa daga 0 su tsaya ɗaya ƙasa da tushen. Tushe goma 0 zuwa 9, tushe takwas 0 zuwa 7, tushe biyar 0 zuwa 4, tushe biyu 0 da 1 kawai. Idan wani ya kawo maka 182 ya ce a tushe takwas take, mayar masa da abarsa, babu 8 a tushe takwas, kamar yadda babu wani alƙalami guda ɗaya tilo da ke nufin goma a namu tsarin.

Daga wani tushe zuwa tushe goma

Da wannan nake so a fara duk da yawancin malamai da rabawa suke farawa, don wannan ne zai zama abin duba amsarka a duk abin da zai biyo baya.

Ɗauki 101101 a tushe biyu. Kada ka karanta ta dubu ɗari da ɗaya da ɗari da ɗaya, ka ce ɗaya sifili ɗaya ɗaya sifili ɗaya, in ba haka ba kanka ne zai ruɗe. Mataki na farko, rubuta darajar gurabe a saman kowane alƙalami, ka fara daga DAMA da 1, kana ninkawa da biyu kana tafiya hagu:

32 16 8 4 2 1
1 0 1 1 0 1

Mataki na biyu, duk inda ka ga 1 ka ɗauki darajar da ke samansa, inda ka ga 0 ka tsallake. 32 + 8 + 4 + 1 = 45. Amsa ke nan, 45.

Inda mutane ke zamewa shi ne gurbin farko, sai su sa masa 2 maimakon 1, daga nan komai ya ninku. Gurbin farko a ko wane tushe na ɗaiɗai ne, waɗanda ba su kai a ɗaure su ba. A littafi za ka ga an rubuta biyu da ɗan ƙaramin sifili a kafaɗarta, wato 2⁰, to 1 ne wannan.

Mu gwada da tushe biyar, 2431. Gurabe daga dama: 1, 5, 25, 125. A nan tunda alƙaluman sun wuce 0 da 1 sai an ninka:

2 × 125 = 250
4 × 25 = 100
3 × 5 = 15
1 × 1 = 1
Jimla 366.

Akwai wata gajeriyar hanya da ni kam na fi so, don ba sai ka tsaya lissafa 125 ko 625 ba. Ka fara daga HAGU, ɗauki alƙalamin farko, ninka da tushe, ƙara na gaba, sake ninkawa da tushe, ƙara na gaba, har su ƙare. Da 2431 ɗin nan: 2 sau 5 goma, a ƙara 4 sha huɗu, 14 sau 5 saba'in, a ƙara 3 ya zama 73, 73 sau 5 ya ba da 365, a ƙara 1, 366. Ka ga daidai da ta sama. Ana kiranta hanyar Horner, sunan wani Baturen Ingila da ya rubuta ta a 1819, duk da masana lissafi a Sin sun riga shi da ɗaruruwan shekaru. A binari ma a ka za ka iya yin ta ba takarda, ninka biyu ƙara, ninka biyu ƙara: 1, 2, 5, 11, 22, 45. Abin lura kawai, da zarar ka ƙara alƙalamin ƙarshe ka tsaya, kada hannu ya saba ka sake ninkawa.

Daga tushe goma zuwa wani tushe: raba ka ajiye saura

Nan ne zan ɗan daɗe don nan ne asalin aikin. A ce kana da tsakuwa 156 a gabanka, an ce ka rubuta yawansu a tushe biyu. Ka haɗa su bibbiyu, za ka sami ƙulli 78 babu ko ɗaya da ta rage. Wannan ragowar, wato 0, ita ce ta gurbin ɗaiɗai. Yanzu su ma ƙullin 78 ɗin ka haɗa su bibbiyu su zama manyan ƙulli 39, babu saura, gurbi na biyu ma 0. Ka haɗa 39 bibbiyu, 19 saura ɗaya, gurbi na uku 1. Haka za ka yi ta yi har ya zama babu abin haɗawa. A takarda ga yadda yake:

156 ÷ 2 = 78 saura 0
78 ÷ 2 = 39 saura 0
39 ÷ 2 = 19 saura 1
19 ÷ 2 = 9 saura 1
9 ÷ 2 = 4 saura 1
4 ÷ 2 = 2 saura 0
2 ÷ 2 = 1 saura 0
1 ÷ 2 = 0 saura 1

Karanta sauran daga ƙasa zuwa sama: 10011100.

Yanzu ka ga dalilin daga ƙasa zuwa sama ɗin da ake ta nanatawa ba a faɗin dalili. Sauran da ka fara samu na tsakuwoyin da ba su shiga ƙulli ba ne, mafi ƙanƙantar daraja, su kuma a dama suke zama. Na ƙarshe shi ne ƙaton ƙulli, shi ke zama a hagu. Idan ka karanta daga sama za ka sami 00111001, wato 57, kuma abin haushin shi ne ta yi kama da amsa mai kyau, babu abin da zai nuna maka ka yi kuskure sai ka duba. Dubawar kuwa ba ta kai minti ɗaya ba: 128 + 16 + 8 + 4 = 156. Madalla.

Kuskure na biyu da na sha gani, har ni na yi shi ba sau ɗaya ba, shi ne tsayawa a 2 ÷ 2 = 1 a ga kamar an gama. Ba a gama ba sai amsar rabawa ta zama 0. Wannan layin na ƙarshe shi ke ba ka 1 ɗin da ke gaba, in ka bar shi ka zubar da 128 cur daga cikin 156. Na uku kuma ƙyale sifili, wai ai babu saura sai a bar wurin fayau, a'a, rubuta 0 ɗinka.

Ga wata dabarar duba binari da ido: duk lambar da biyu ke raba ta ba saura da 0 take ƙarewa, wadda ba ta rabuwa kuma da 1. 156 tana rabuwa, don haka da na ga 00111001 ta ƙare da 1 ya kamata jikina ya ba ni.

Ƙa'idar ba ta canzawa a sauran tushe, abin da kake rabawa da shi ne kawai ke canzawa. 493 zuwa tushe takwas:

493 ÷ 8 = 61 saura 5
61 ÷ 8 = 7 saura 5
7 ÷ 8 = 0 saura 7

Amsa 755. Masu aiki da Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, za su yi murmushi a nan, don wannan 755 ɗin da suke bugawa bayan umarnin chmod idan za su ba fayil izini a tushe takwas take, kowane alƙalami bit uku ne (bit shi ne gurbi ɗaya na binari, 0 ko 1), karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Bakwai na nufin duka ukun, biyar na nufin karantawa da gudanarwa ban da rubutu.

Kuma in ka lura ka daɗe kana yin wannan lissafin ba ka sani ba. An ce maka daƙiƙa 10000 awa nawa ce? Ka raba da 60, 166 saura 40. Ka sake raba 166 da 60, 2 saura 46. Awa 2 minti 46 daƙiƙa 40. Juyawa zuwa tushe sittin ka yi ke nan, irin na mutanen Babila.

In lambar ba ta da girma kuma binari ake nema, akwai hanyar ragewa, ta fi sauri ga wanda ya haddace 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Ɗauki 200. Mafi girma da zai shiga cikinta 128 ne, rubuta 1, saura 72. 64 zai shiga, 1, saura 8. 32 ba zai shiga ba, 0. 16 ma 0. 8 ya shiga, 1, saura babu. Sai 4, 2, 1 duk sifili. 11001000. Ita wannan daga hagu zuwa dama take fitowa kai tsaye, ba sai an juya ba.

Heksa, tushe sha shida

Matsalar tushe sha shida ita ce ana bukatar alƙaluma sha shida mu kuma goma gare mu, sai aka ari haruffa: A goma, B sha ɗaya, C sha biyu, D sha uku, E sha huɗu, F sha biyar. Kada harafin ya tsorata ka, E a nan lamba ce kamar 7. A goma ce fa ba sha ɗaya ba, mutane da yawa suna zamewa da ɗaya a nan saboda sun saba A ita ce ta farko.

1000 zuwa heksa:

1000 ÷ 16 = 62 saura 8
62 ÷ 16 = 3 saura 14, wato E
3 ÷ 16 = 0 saura 3

Amsa 3E8. Idan ka rubuta 3148 ka ɓata, don ka ba 14 gurbi biyu alhali gurbi ɗaya ne nata. Dubawa: 3 × 256 = 768, 14 × 16 = 224, a ƙara 8, dubu ɗaya cif.

Sai tarkon kalkuleta. Ka danna 1000 ÷ 16 ta ba ka 62.5, sai ka ga yaro ya rubuta saura 5. Ba 5 ba ne, rabin sha shida ne, wato 8. Ko dai ka ninka abin da ke bayan ɗigo da tushen, 0.5 × 16 = 8, ko ka yi 62 × 16 = 992 ka cire daga 1000. Ni ta biyun na fi yarda da ita, saboda a tushe kamar bakwai ko uku abin da ke bayan ɗigon ba ya ƙarewa, sai ka sami 2.9999 ka rasa yadda za ka yi da shi.

Me ya sa ma masu kwamfuta suka nace wa heksa? Saboda sha shida 2 × 2 × 2 × 2 ce, don haka kowane alƙalamin heksa ɗaya daidai yake da bit huɗu ba ragi ba ƙari. Bait ɗaya bit takwas ne, ke nan alƙaluman heksa biyu sun ɗauke shi, daga 00 zuwa FF, wato 0 zuwa 255. Shi ya sa launuka a shafukan intanet ake rubuta su kamar #FF0000, biyun farko ja, na tsakiya kore, na ƙarshe shuɗi, wannan ja ne zalla. #FFFFFF fari, #000000 baƙi. Shi ya sa kuma a adireshin intanet irin 192.168.1.1 ba za ka taɓa ganin wani kashi ya haura 255 ba.

Tsakanin binari, okta da heksa ba sai ka bi ta goma ba

Wannan ita ce garaɓasar darasin. Ɗauki 10011100 ɗinmu ta ɗazu. Yanka ta hurhuɗu daga DAMA: 1001 1100. Kowane yanki ka karanta shi da 8, 4, 2, 1. Na farko 8 + 1 = 9, na biyu 8 + 4 = 12 wato C. Amsa 9C. Duba: 9 × 16 = 144, da 12, 156.

Tushe takwas kuma, wanda ake ce wa okta, uku-uku ake yankawa: 10 011 100, na hagun bai cika uku ba sai ka ƙara masa sifili a gaba ya zama 010. Da 4, 2, 1 za ka karanta: 2, 3, 4. Amsa 234 a tushe takwas. Idan ka fara yanka daga hagu komai ya wargaje, don haka dama, kullum dama.

Komawa baya ma haka ne, kowane alƙalamin heksa ka buɗe shi zuwa bit huɗu cikakku, na okta kuma uku. 3E8 ta zama 0011 1110 1000. Ko da alƙalamin 1 ne a tsakiya sai ka rubuta 0001, sifilin gaban lambar gaba ɗaya ne kawai za ka iya yar da su.

Amma tushe biyar zuwa takwas babu irin wannan zumuncin a tsakaninsu, dole ka yada zango a tushe goma. 2431 a tushe biyar mun ga 366 ce, sai a raba da takwas: 45 saura 6, 5 saura 5, 0 saura 5. Amsa 556.

Wata tambaya da masu shirya jarrabawa ke so: 34 a wani tushe da ba a faɗa ba daidai take da 25 a tushe goma, nemo tushen. Kira shi x, 3 tana gurbin x, 4 tana gurbin ɗaiɗai, 3x + 4 = 25, 3x = 21, x = 7. Ba wani sabon abu, darajar gurbi ce dai.

Lamba mai ɗigo

Abin da ke gaban ɗigo ka yi masa rabawa yadda muka saba. Abin da ke bayan ɗigo kuma akasin haka ake masa, ninkawa ake yi da tushe, a cire cikakkiyar lambar da ta fito a ajiye, a ci gaba da guntun. 0.625 zuwa binari:

0.625 × 2 = 1.25, ajiye 1
0.25 × 2 = 0.5, ajiye 0
0.5 × 2 = 1.0, ajiye 1

Guntun ya ƙare, a tsaya. A nan daga SAMA zuwa ƙasa ake karantawa: 0.101. Gurabe bayan ɗigo a binari su ne rabi, kwata, ɗaya bisa takwas, haka dai, don haka rabi da ɗaya bisa takwas, 0.5 + 0.125 = 0.625. Idan lambar 156.625 ce sai ka manna su: 10011100.101.

Yanzu gwada 0.1, wadda a ido ta fi 0.625 sauƙi nesa ba kusa ba. Sau biyu 0.2, ajiye 0. Sai 0.4, 0. Sai 0.8, 0. Sai 1.6, ajiye 1. 0.6 sau biyu 1.2, ajiye 1. 0.2 sau biyu 0.4, kai, ai mun taɓa zuwa nan. Ta shiga zagaye ke nan, 0.000110011001100 har abada, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.3333 a tushe goma ba ta ƙarewa, alhali a tushe uku 0.1 ce kawai a zaune lafiya. In ka ga guntu ya maimaitu ka tsaya, ka nuna yankin da ke maimaituwa, ko ka yanke a iya guraben da aka tambaye ka.

Ita ma kwamfuta yankewar take yi don ba ta da wurin ajiye abin da ba ya ƙarewa. Buɗe Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, ka buga 0.1 + 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004. Ranar da na fara ganin haka na ɗauka na'urar ce ta samu matsala har na kashe na kunna. Tunda ka riga ka buɗe ta, buga bin(156) ka ga 0b10011100, hex(1000) ta ba ka 0x3e8, oct(493) ta ba ka 0o755, int("2431", 5) kuma ta dawo maka da 366. Wannan 0b da 0x da 0o alama ce kawai ta tushe, ba sa cikin lambar. A Excel akwai DEC2BIN mai juya tushe goma zuwa binari da BIN2DEC mai dawo da ita, sai dai DEC2BIN ba ta karɓar abin da ya haura 511, in ka ba ta 1000 kuskure za ta nuna maka, sai ka yi DEC2HEX ta ba ka 3E8 ka buɗe ta hurhuɗu da hannunka.